Hawan Tsaunin da Gobara Ta Ci: Yadda Ake Bin Turbar da Aka Gyara

Ranar da hukumar gandun daji ta ɗauke shingen bakin turba ta ce an buɗe, abin da ma'aikata suka gyara shi ne wurin taka ƙafa, wanda sau da yawa faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Sun yanke gungumen da suka tare hanya, sun sake jera matakala, sun kafa sabuwar gada inda tsohuwar ta ƙone. Amma gangaren da ke bisa kanka da wanda ke ƙarƙashin ƙafarka suna nan yadda wuta ta bar su, kuma sai sun ɗauki shekaru kafin su sake kama jikinsu.

Turbar Eagle Creek da ke jihar Oregon a Amurka ta isa misali. Gobara ta tashi a wurin ranar 2 ga Satumba 2017, ta ci kusan eka 50,000, ta kuma rutsa da masu yawo kimanin 150 har suka kwana a daji. Sai a farkon 2021 aka sake buɗe turbar bayan aikin shekaru uku, kuma ba a yi wata guda ba ruwan sama mai ƙarfi ya zaftaro ƙasa a kanta aka sake rufe ta na watanni. Ba sakacin masu gyara ba ne. Haka tsaunin da ya ƙone yake.

Abin da wuta ta canja

Kafin a zo ga kaya da lissafi, ya kamata mai hawa ya san abubuwa biyar da suka sauya, domin kowace shawara da za ta biyo baya daga cikinsu ta fito.

Na farko ƙasa ce. Idan ganye da ciyawa suka ƙone da zafi sosai, wani maiƙo mai kama da kaki yakan fita daga jikinsu ya zama tururi, ya nutse cikin ƙasa, ya daskare a 'yan santimita kaɗan daga sama. Wannan shimfiɗa tana hana ruwa shiga. Kana iya gwadawa a gefen turba: share tokar sama da yatsa, ka ɗiga ruwa daga gorarka. A ƙasa mai lafiya ɗigon yakan ɓace nan take. A wadda wuta ta gasa sai ka ga ya dunƙule ya tsaya yana ƙyalli kamar an ɗiga shi a kan leda. Ka ɗauka wannan ɗigon ruwan sama ne da ya sauka a kan gangare baki ɗaya: babu inda zai shiga, babu ganyen da zai tare shi, sai ya gangara yana kwasar toka da tsakuwa.

Na biyu saiwa. Saiwar bishiya ita ce ke ɗaure ƙasa da duwatsu a jikin gangare. Wata wutar takan bi ta cikin kututture ta cinye saiwar a ƙarƙashin ƙasa, ta bar rami wanda toka ko sabuwar ciyawa ta rufe bakinsa. Ƙafa takan zurma ciki har gwiwa, kuma a nan ake samun targaɗe da karaya. Irin wannan wuta tana da naci: a yankin Eagle Creek an tarar da wani wuri yana hayaƙi a watan Mayu 2018, bayan damuna da ƙanƙarar hunturu sun wuce a kansa. Saiwar da ba ta ƙone ba kuwa, in bishiyar ta mutu, sannu a hankali take ruɓewa. Shi ya sa gangare yakan ƙara rauni shekaru bayan gobarar, lokacin da ido ke ganin kore ya dawo.

Na uku matattun bishiyoyin da ke tsaye. Yawancinsu ba a shekarar farko suke faɗuwa ba, sai gindi da saiwa sun ruɓe. Masu gyara sukan sare waɗanda ke dab da turba, amma ba wanda zai iya sare dajin duka, kuma a gangare bishiyar da ta faɗi can sama tana iya mirginowa ko ta tunkuɗo dutse.

Na huɗu duwatsu. Zafi yana tsattsaga fatar dutse, ya kuma cinye kututturen da ke tokare da shi. A gangaren da tsayuwarsa ta kai digiri 35 ko fiye, tsakuwa da yashi kan riƙa zubowa da kansu ko babu ruwan sama, da wani sauti shuu kamar ana zazzage buhu.

Na biyar inuwa. Ta tafi. Baƙar ƙasa tana shan zafi tana mayarwa a fuska, kuma ƙarfin hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da ka hau.

Mataki na 1: Zaɓen rana

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma a gida ake yin sa. Fara da sanarwar hukumar da ke kula da tsaunin, wadda aka sabunta cikin kwanakin nan. Turbar da aka gyara ana buɗe ta ana rufewa, wani lokacin ma rabi ake buɗewa. Nemi amsar tambayoyi uku: a wace shekara aka yi gobarar, wane ɓangaren turbar ne ya ratsa wurin da ya fi ƙonewa, kuma an karkatar da hanyar zuwa sabon wuri ko tana bin tsohon layinta. Idan akwai lambar ofishin, kira ka tambaya. Ma'aikacin da ya taka wurin a makon nan ya fi kowace manhaja sanin halin da ake ciki.

Sannan hasashen yanayi, na kan tsaunin kansa, domin na garin da ke gindinsa yakan bambanta ƙwarai. Ruwan sama shi ne babban abin tsoro, kuma ƙarfin zubarsa ne abin dubawa, fiye da yawansa. Ruwan da ya kai milimita 12 ko 13 cikin awa ɗaya ya isa ya tayar da ambaliya a ƙasar da ta ƙone. A garin Montesito na jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Janairu 2018, kusan wannan adadin ya zuba cikin minti biyar a kan tsaunukan da wata gobara da ake kira Thomas ta cinye wata guda kafin nan. Laka da manyan duwatsu suka malalo cikin dare suka hallaka mutum 23. Wannan haɗari ya fi yawa a shekaru biyun farko bayan gobara, yana kuma iya jan ƙafa har shekaru biyar a wasu wuraren. Saboda haka in hasashe ya ambaci hadari mai tsawa ko ruwa mai ƙarfi, ko da da yamma ne, a ɗage tafiyar. In an yi ruwa mai yawa, a ba ƙasa kwana ɗaya ko biyu ta tsane.

Iska ita ce ta biyu. Shawararmu ita ce in ana sa ran za ta wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa, kada a shiga cikin matattun bishiyoyi. Ranar da aka yi ruwa sannan iska ta biyo baya ita ce mafi muni, domin ƙasa ta yi laushi, gindin bishiya ba shi da abin kamawa.

A ƙarshe ka bar wa wani bayanin tafiyarka a rubuce: sunan turbar, inda za ka fara, mutum nawa ne, lokacin da za ka sauko, da lokacin da zai nemi taimako in bai ji daga gare ka ba.

Mataki na 2: Lissafin lokaci da ruwa

Akwai tsohon ma'auni da wani mahayin duwatsu ɗan Sukotland, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Mu ce turbar kilomita 4 ce zuwa ƙololuwa, 4 dawowa, hawan kuma mita 900 ne. Kilomita 8 sun ba da awa ɗaya da minti 36, hawan ya ba da awa ɗaya da rabi, jimla awa uku da 'yan mintuna. Wannan lissafin na mutum mai ƙarfi ne a hanya mai kyau ba tare da hutu ba. A turbar da ta ƙone, inda za a tsallake gungume, a jira juna a wuraren zubar dutse, a kuma sha zafi, ƙara rabin wannan lokaci. Ka shirya wa awa biyar.

Ka kuma duba tsayuwar hanyar: raba hawan da nisan. Mita 900 cikin mita 4,000 kashi 22 ne cikin 100 da ɗoriya, wato kowane taku goma kana ɗaga jikinka sama da taku biyu. Duk abin da ya haura kashi 20 hawa ne mai tsanani ga wanda bai saba ba.

Daga wannan lissafi za ka tsayar da lokacin juyawa, wato ƙarfe nawa za ka juya ko ka kai ƙololuwa ko ba ka kai ba. A tsayar da shi tun a ƙasa, kowa ya ji da kunnensa, ta yadda za a sauko da sauran awa biyu kafin faɗuwar rana. A fara tafiya da sassafe domin a gama hawan kafin rana ta take.

Ruwa kuma rabin lita ne a kowace awa in yanayi da sanyi-sanyi, ya kai kusan lita ɗaya in ana zafi. Tafiyar awa biyar a wurin da ba inuwa tana son lita 3 zuwa 4 ga mutum ɗaya. Ka ɗauko shi duka daga ƙasa. Ƙoramar da taswira ta nuna tana iya cikewa da tsakuwa, ko ta zama ruwan toka mai toshe matatar ruwa cikin mintuna. Tafasawa na minti ɗaya, ko minti uku in an haura mita 2,000, tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire sinadaran da toka ta zuba a ciki. Kada kuma a yi ta ɗirkar ruwa zalla ana zufa ba a cin komai, domin gishirin jiki yakan ragu har mutum ya fara jiri da ciwon kai. A riƙa ɗan cin abu mai gishiri duk awa, a kuma riƙe ƙunshi biyu na garin gishiri da sukari.

Mataki na 3: Kaya

Takalmi ya zama mai zurfin zane a tafinsa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Toka mai laushi a kan dutse tana da santsi, in ta jiƙe kuma sai ta zama kamar sabulu. A sa dogon wando da riga mai dogon hannu, domin ƙonannun rassa suna da tsini, suna yanka, kuma sabon tsiron da ke rufe hanya yakan ɓoye kaska da tsirrai masu sa ƙaiƙayi. Sai hula mai faɗin baki, tabarau, da man kare fata daga rana. Duk da zafin, a saka rigar iska mara nauyi a jaka: zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, kuma ƙololuwar da ba bishiya ba ta da abin tare iska.

Sandunan tafiya guda biyu sun cancanci nauyinsu a irin wannan turba. Tsawonsu daidai shi ne in ka riƙe a wuri mai shimfiɗe gwiwar hannunka ta yi kusurwar digiri 90. A rage santimita 5 zuwa 10 wajen hawa, a ƙara haka wajen sauka.

Taswira ta zama iri biyu, ta takarda da wadda aka sauke a waya tun akwai intanet, tare da kamfas da batirin caji. Allunan nuna hanya na katako sukan ƙone, kuma layin da ke cikin manhajar waya yana iya zama na tsohuwar hanya wadda aka riga aka yasar. Sauran su ne fitilar goshi, usur, safar hannu mai kauri, takunkumin N95 saboda ƙurar toka, da akwatin taimakon gaggawa mai ɗauke da bandeji mai naɗewa, filastar bororo da maganin wanke rauni. Inda hukuma ta yi gargaɗin faɗowar duwatsu, a ƙara hular kwano. A yi ƙoƙari nauyin jakar duka kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki da yawa, ko da yake ruwan shi kaɗai zai cinye kilo 3 zuwa 4. Ashana da murhu su zauna a gida. A yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tafiya, dalilin zai bayyana wajen sauka.

Mataki na 4: Hawa

A bakin turba karanta allon sanarwa ko da ka karanta a intanet. In an kafa burushin goge takalmi, yi amfani da shi. Ƙasar da ta ƙone fili ce a buɗe, kuma irin baƙuwar ciyawa da ya maƙale a tafin takalmi yakan riga na asalin wurin tsirowa ya mamaye shi.

Fara a hankali fiye da yadda jikinka ke so. Ma'aunin shi ne ka iya yin magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba. Taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa, jiki a miƙe daga ƙugu. Inda hawan ya yi tsanani, bayan kowane taku ka miƙe ƙafar baya sosai ka ɗora mata nauyinka na daƙiƙa ɗaya. Ƙashi ne ke ɗaukar nauyin a wannan lokacin, tsoka ta ɗan huta. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai yin haka yakan wuce masu gudu suna tsayawa.

Koyi karanta aikin gyaran. Sabuwar turba an sassaƙe ta ne a jikin gangare, aka tura ƙasar da aka haƙa zuwa bakin waje. Ɓangaren ciki, na jikin tsauni, shi ne mai tauri. Bakin waje cikon ƙasa ne da bai gama zama ba, yana iya ɓarkewa ƙarƙashin ƙafa. Saboda haka a taka tsakiya zuwa ciki. In za ka ba wani hanya, matsa ta ɓangaren tsauni ka tsaya cak, kuma bisa al'adar masu hawa mai sauka ne ke ba mai hawa hanya. Gungume ko jerin duwatsun da za ka gani an binne a karkace a tsakiyar hanya na karkatar da ruwa ne. Tsallake shi, kada ka zagaye ta gefensa, domin sawun masu zagayewa ne ke buɗe wa ruwa sabuwar hanya ya dawo kan turba. Dogayen naɗin ciyawa da aka kafe da turaku, da gungumen da aka kwantar a gicciye a jikin gangare, suna tare ƙasa ne, ba wurin zama ko takawa ba ne.

A wurare masu tsayi ana yin turba da kwana-kwana, ta tafi dama ta dawo hagu, don a rage tsananin hawan. Ba inuwa, ba ciyawa, ido yana hango kwanar gaba kusa, sai zuciya ta ce a yanke. Kada a yanke, ko sau ɗaya. Sawun mutum goma a wannan ƙasa ya isa ya zama magudana, ruwan farko ya mai da ita kwazazzabo, ya cinye kwanar da 'yan sa-kai suka yi makonni suna jera wa duwatsu da hannu. Ƙananan tsiron da ke gefen hanya ma abin tausayawa ne. In ka sunkuya kusa da baƙin kututture za ka iya ganin ɗan tsiron da bai fi yatsa tsawo ba, koren ganyensa ya fito daga cikin gawayi. Wasu itatuwan, kamar wasu nau'o'in fain, zafin wuta ne ma ke buɗe ƙwansonsu iri ya zuba, kuma itacen turare na Ostireliya yakan tofo sabon ganye kai tsaye daga ƙonannen jikinsa. Saiwar waɗannan ce za ta ɗaure gangaren nan gaba.

Cikin matattun bishiyoyi ido ya riƙa zagaye: ƙasa, gaba, sama. Wadda za a fi kiyaya ita ce wadda ta karkato wajen turba, ko gindinta ya ƙone ya zama kogo, ko ƙasar gindinta ta tsage ta ɗago ta gefe ɗaya, ko tana da karyayyen reshe a rataye. Kada ka jingina da ita, kada ka kama ta don jan jiki, kada ka rataya mata jaka. Cire abin sauraron kiɗa daga kunne, domin ƙarar tsagewar itace ita ce gargaɗin da za ka samu, kuma daƙiƙu kaɗan ne. Wurin hutu ya yi nisa da kowace matacciyar bishiya da aƙalla tsawonta ɗaya da rabi: mai mita 20 tana son mita 30. In babu irin wannan wuri, a ci gaba da tafiya har a samu. In gungume ya tare hanya, duba ko yana zaune daram kafin ka taɓa shi, ka tsallake ta ɓangaren da ya fi kusa da tsauni, kada ka tsaya ta ƙasansa inda zai mirgino.

Inda ka ga sabbin duwatsu masu farin karaya a kan turba, ko tabon duka a jikin bishiya, wurin zubar dutse ne. A tsallake ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallon sama daga wuri mai kariya. A kwana-kwana kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani. Duk wanda ya tunkuɗe dutse, komai ƙanƙantarsa, ya ɗaga murya ya ce "Dutse!" Wanda ya ji kada ya ɗaga fuska yana nema, ya manne da jikin tsauni ya kare kansa da jaka ko hannu.

Kwazazzabo da bakin ƙorama su ne hanyar laka in ta taso. A tsallake su da sauri, ba hutu, ba ɗaukar hoto a ciki. In uzuri ya sa dole ka bar turba, riƙa caka sanda a gabanka kafin kowane taku, ka kauce wa gindin kututture da duk wurin da farar toka ta taru ta lotsa.

Idan yanayi ya juya

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙoramar da ta rikiɗe daga garau zuwa ruwan laka, ko ta ƙaru farat ɗaya, ko ta ragu ba dalili, tana ba da labarin abin da ke faruwa can sama, ko da ɗigo bai taɓa ka ba. Raguwar ma ta fi ban tsoro, domin tana nufin wani abu ya datse ruwan kuma zai ɓalle. Malalar laka tana zuwa da rugugi kamar na jirgin ƙasa, da ƙarar duwatsu suna gwaruwa, kuma ta fi mutum gudu. Kada a bi kwarin ƙasa ana tsere mata. A fita daga cikinsa ta gefe, a hau sama, a zauna can har ruwan ya ɗauke, domin takan zo kashi-kashi.

Ga tsawa, ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙara. Kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba, a bar ƙololuwa da doron tsauni nan take, a kuma jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A nan akwai matsi na gaske: sama akwai aradu, kwari akwai laka. Wurin da ya fi dama shi ne tsakiyar gangare, nesa da magudana, nesa da dogayen bishiyoyi. Samun irin wannan wuri sa'a ce, shi ya sa Mataki na 1 ya fi komai.

Wurin da ya taɓa ƙonewa yana sake ƙonewa, domin busasshiyar ciyawa da faɗaɗɗun gungume makamashi ne. In ka hangi hayaƙi, kira lambar gaggawa ta ƙasar, 112 a Turai, 911 a Amurka, ka kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Wuta ta fi gudu wajen hawa: ƙarin digiri 10 a tsayuwar gangare yana ninka saurinta. Mai gudu sama a gabanta ba zai tsira da ƙafa ba. A nufi gefe da ƙasa, zuwa fili mai duwatsu ko ƙasar da ba abin ci a kanta, a guji kwazazzabo domin yana zuƙar wuta kamar bututu.

Zafi kuwa shiru yake kamu. Zufa mai yawa, jiri, tashin zuciya da ciwon kai alamun galabaita ne: a tsaya, a yi inuwa da riga ko rigar iska a kan sanduna, a jiƙa wuya da hammata, a sha ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, sannan a juya. In mutum ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado ko yana tangaɗi, abin ya kai ga barazanar rai. A sanyaya jikinsa da duk ruwan da ake da shi, a kira taimako. In waya ba ta kamawa, busa usur sau uku a jere, ko sau shida cikin minti ɗaya kamar yadda ake yi a tsaunukan Turai, a huta minti ɗaya a maimaita.

Mataki na 5: Sauka

Lokacin juyawa in ya yi, a juya, ko ana hango ƙololuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sauka ce ta fi kayar da mutane, domin ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida, kuma kowane taku yana dukan gwiwa da nauyin da ya fi na jiki.

Kafin a fara, a zauna a sake ɗaure takalmi, a tsuke shi sosai wajen idon sawu yadda diddige ba zai zame gaba ba. In ya zame, yatsu ne za su yi ta dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. A zazzage tsakuwa da toka daga safa, a manna filasta a duk inda aka ji zafi-zafi tun bai zama bororo ba. A ƙara tsawon sanduna, a kuma zare hannu daga madaurinsu, domin in an faɗi da hannu a ciki wuyan hannu ne ke karyewa.

Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, nauyi a kan tsakiyar ƙafa. Tsoro yakan sa mutum ya kwantar da jiki baya, kuma wannan ne ke sa diddige ya sulluɓe a kan tsakuwa. Sanduna su riga ƙafa sauka. A matakala masu tsayi a juya gefe, a sauke ƙafa ɗaya, a riƙa sauya wadda ke gaba. Dutsen matakalar da ka ji ya motsa da safe ka tuna da shi, yana nan yana jira. Inda aka kafa sarƙa ko igiyar ƙarfe, ja ta da ƙarfi ka gwada kafin ka ba ta nauyinka, mutum ɗaya kuma tsakanin kowane turke biyu. A bar tazarar mita 5 zuwa 10 tsakanin juna saboda ƙura da duwatsu.

Hanya takan canja kama wajen dawowa, musamman inda baƙaƙen kututture suka yi kama da juna. A kowace mararraba duba taswira. In ka yi minti goma ba ka ga alamar aikin hannu ba, wato yankan zarto a gungume, ƙyallen alama ko jeren dutse, tsaya ka koma inda ka ga ta ƙarshe. Kada ka yanke shawarar bin kwari don kawai yana gangarawa.

A ƙasa a sake goge takalmi, a sanar da wanda aka bar wa saƙo cewa an sauko. Toka tana da kaifi irin na kanwa, saboda haka a wanke ido da fata da ruwa mai tsabta, a wanke duk ƙujewa da sabulu, a duba jiki ko kaska ta kama. Sannan a aika wa hukumar tsaunin abin da aka gani: sabuwar bishiyar da ta faɗi, bakin turbar da ya tsage, magudanar da ta toshe, ko wurin da ke hayaƙi, tare da hoto da nisansa daga bakin turba, domin ma'aikata su san inda za su nufa da zarto da shebur.